Abin da na gani a gidajen Zariya lokacin da nake aikin jin ra'ayin jama'a

Duk sanda aka faɗa a rediyo cewa kashi kaza cikin ɗari na 'yan Najeriya sun ce kaza, ba a rasa mai cewa, "Ni dai ba wanda ya tambaye ni." Gaskiya ya faɗa. Sai dai rashin tambayarsa ba shi ne ke ɓata sakamako ba. Abubuwan da ke ɓata shi na gan su da idona, kuma galibinsu a ƙofar gida suke faruwa.

Bayan na gama hidimar ƙasa, wani kamfanin bincike ya ɗauke mu aikin wucin gadi, maza da mata, don mu yi wa mutane tambayoyi kan tsadar rayuwa, tsaro, asibiti, makaranta da yadda suke kallon shugabanni. Rukuninmu ya samu ƙananan hukumomin Zariya, Sabon Gari da Giwa. Abu na farko da aka cusa mana a wajen horo shi ne ba mu da ikon zaɓar wanda za mu yi wa tambaya. Hukumar ƙidaya ta yanka ƙasar nan gunduwa-gunduwa a taswira, kwamfuta ce ke zaɓo wasu daga ciki ba tare da sanin ko su wa ke zaune a wurin ba. In mun isa, sai mu tsaya a wata alama, masallaci ko makaranta ko mararraba, kowa ya fuskanci nasa ɓangaren yana ƙirga gidaje. Gidan da lissafi ya faɗa a kai shi za ka shiga, ko da na kusa da shi ya fi fara'a. A cikin gidan ma sai ka rubuta duk wanda ya kai shekara 18, na'urar hannunka ta fitar da mutum ɗaya. In ka yi da namiji a wannan gida, na gaba mace. In wanda aka zaɓa ya tafi gona, sai ka dawo da yamma. Ba a ɗaukar ƙanensa a madadinsa.

Da farko wannan tsauri ya yi mini kama da wahalar da kai. Daga baya na gane shi ne aikin gaba ɗaya. Mai sayen masara a kasuwar Giwa ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya, hannu ɗaya ya ishe shi. Amma ba ya yarda da ta saman buhu, don ya san nan ake zuba mai kyau, sai ya zura hannu can ciki. Mutanen da ke zaune a bakin titi, masu son magana, masu waya a hannu, su ne saman buhu.

Lissafin kansa ba shi da wuya. In an zaɓi mutum 1,000 ta wannan hanya, sakamakon kan kauce wa gaskiya da abin da bai wuce maki uku cikin ɗari sama ko ƙasa ba, a mafi yawan lokuta. Kuma kusan duk ɗaya ne, ko ƙasar na da mutum miliyan biyar ko miliyan 200. Mai son ya rage wannan kuskure da rabi sai ya ninka yawan mutanen sau huɗu, shi ya sa Afrobarometer, wadda ke irin wannan bincike a ƙasashen Afirka tun 1999, take tsayawa tsakanin mutum 1,200 zuwa 2,400 a kowace ƙasa. Ga wani abu da masu yaɗa sakamako ba su cika faɗa ba: waɗannan maki uku na ƙasa ne baki ɗaya. In aka raba mutum dubu a jihohi 36 da Abuja, Kaduna 'yan gomomi za ta samu, Zariya kuwa ba za ta cika aji ɗaya na firamare ba. Don haka duk wanda ya ɗauko binciken ƙasa ya ce ga ra'ayin Zazzagawa, ya ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Yawa kuma ba ya gyara mugun zaɓi. A 1936 wata mujalla a Amurka, Literary Digest, ta aika takardun tambaya kusan miliyan goma, aka dawo mata da sama da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba mai ci, Roosevelt, a zaɓen shugaban ƙasa. Sunayen ta samo su ne daga masu tarho, masu mota da masu sayen mujallar, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai.

To amma abin da babu takardar da ta koya mini shi ne cikin gida. A birni, wajajen Kwarbai da Ƙofar Doka, ba ka fara ƙirga gida sai ka je ka gaida mai unguwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu," ya haɗa ka da yaro. Abokan aikina maza iyakarsu zaure. Ni ce mai shiga ciki, kuma a nan na ga dalilin da ya sa dole a ɗauki mata a wannan aiki. Sau da yawa in na'ura ta zaɓi matar gida, maigida yakan jawo kujera ya zauna. Duk tambayar da na yi sai ta dube shi, ko ta ce, "Ai duk abin da Malam ya ce shi ne." Sai in roƙe shi cikin ladabi, "Baba, a yi mana izini mu koma gefe, ka'idar aikin ce, kai ma da kai aka zaɓa haka za a yi." Mafi yawansu sukan yarda. Da zarar mun koma bakin murhu, sai ka ji mace ta san farashin mudun shinkafa na kowane wata, ta san asibitin da ake samun nas da dare da wanda ba a samu, kuma tana da nata ra'ayi kan kansila wanda ba lallai ya zo ɗaya da na mijinta ba.

Sai kuma tambayar da ke jiranmu a kowace ƙofa: "Gwamnati ce ta aiko ku?" Komai bayanin da muka yi, wasu sun riga sun yanke cewa rajistar tallafi ce, sai su ƙara wa talaucinsu gishiri. Wasu, musamman masu shaguna a Sabon Gari da PZ, sun ɗauka haraji ne, sai su rage abin da suke samu. In aka zo kan shugabanni kuma sai murya ta yi ƙasa. Afrobarometer ta san da wannan, shi ya sa a ƙarshen hirarta take tambayar mutum wa yake zaton ya aiko mai tambayar.

Akwai kuma kunya da tawakkali irin namu. Na tambayi wata tsohuwa a Tudun Wada yadda take ganin halin rayuwarta, ta ce, "Alhamdu lillahi, 'yata, sai godiya." Can gaba da na tambaye ta ko a shekarar nan an taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba a gidan, ta yi shiru, sannan ta ce an sha yi. Duka amsoshin biyu gaskiya ne a wurinta. Amma wanda ya tsaya a ta farko zai rubuta cewa jama'a na cikin wadata. Tun daga nan na fi amincewa da tambayar da ke neman abin da ya faru a kan wadda ke neman yadda mutum yake ji.

Ba zan ɓoye ba, a cikin masu wannan aiki akwai masu zama ƙarƙashin bishiya su cike amsoshi da kansu. Kamfanin kirki yana kama su: na'ura na nuna inda aka tsaya da tsawon lokacin hira, mai duba aiki kuma yana komawa wasu gidajen ya tambaya ko an zo. A rukuninmu an sallami wani saboda haka. Wannan bin diddigi kuɗi yake ci, kuma shi ake fara yankewa in ana son bincike mai araha.

Tambaya ta waya ta fi sauri da sauƙi, kuma da ita NOIPolls, cibiyar jin ra'ayin jama'a a Najeriya da aka kafa a 2006, ta fi yin aiki. Tana da amfaninta. Sai dai na shiga gidaje da dama da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, kuma mutane da yawa yanzu ba sa ɗaukar baƙuwar lamba saboda 'yan damfara. Ƙuri'ar da ake jefawa a Facebook kuwa, wannan ba bincike ba ne ko kaɗan, magoya baya ne ke kiran junansu.

Hasashen zaɓe shi ne mafi wuya. Kafin zaɓen shugaban ƙasa na 2023, binciken da gidauniyar ANAP ta sa NOIPolls ta yi ya nuna Peter Obi a gaba. Abin da aka fi tsallakewa wajen yaɗa labarin shi ne kusan rabin waɗanda aka tambaya, wani lokaci ma fiye, ko dai sun ce ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗa. Sakamakon da INEC ta bayyana ya ba Tinubu ƙuri'a kusan miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5, kuma kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kacal na masu rajista suka fito. Binciken da rabin mutanensa suka yi gum, a ƙasar da kusan mutum uku cikin huɗu ba su je rumfa ba, ba zai iya naɗa kowa ba.

Ni dai ina yarda da bincike in an bayyana wanda ya biya kuɗinsa, ranar da aka yi shi, yadda aka kai ga mutanen, da ainihin tambayar da aka karanta musu. Ina kuma duba ko an faɗi wuraren da ba a iya zuwa ba. Ƙasar nan ba ta sake ƙidaya ba tun 2006, don haka kason da ake ba kowane yanki a kan ƙiyasi yake, alhali unguwanni sun tsiro a bayan Samaru da Dogarawa inda da gonaki ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasu ƙauyukan Giwa da kwamfuta ta zaɓa, amma aka hana mu zuwa saboda 'yan bindiga, aka musanya su da wasu na kusa da titi. Ban ga laifin wanda ya hana mu ba, rayukanmu ya kare. Amma a cikin tambayoyinmu akwai wadda ke cewa ko kana jin tsoro a cikin gidanka da dare, kuma mutanen waɗancan ƙauyuka ba su samu damar amsa ta ba.