Azumin Ekadashi na mabiya Hindu: abin da mai girki da mai masauki a Sakkwato ya kamata su sani

Duk wanda ke girki a gidan Ba'indiye mabiyin addinin Hindu, ko yake aiki tare da shi a asibiti ko kamfani a nan Sakkwato, zai lura cewa sau biyu a wata akwai ranar da ba ya taɓa shinkafa, ba ya taɓa burodi, alhali ga shi yana shan madara yana cin ayaba. Ranar Ekadashi ke nan, azumin da suke yi domin Bishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu. Mu da muka tashi da azumin Ramadan mukan auna shi da namu, mu ce wanda ke sha ai ba azumi yake ba. A wurin mafi yawansu abin da ke karya wannan azumi shi ne hatsi, ko ƙwaya ɗaya, kuma galibi daga madafa take shigowa, ta hannun wanda bai yi nufin ɓata wa kowa ibada ba. Musulmi ba zai shiga ibadar ba, ba kuma wanda ya nemi ya shiga. Amma wanda aka damƙa wa tukunya an damƙa masa amana, kuma ya kyautu ya san abin da yake tsarewa.

A fara da sanin ranar. Lissafinsu na wata ne kamar namu, sai dai ba ganin jinjiri suke jira ba. Sun raba wata kashi 30, kowane kashi ana ce masa titi, kuma titi ɗaya shi ne lokacin da wata ke ɗauka ya ƙara nisan digiri 12 daga rana. Tunda gudun wata ba ɗaya ba ne kullum, titi kan yi gajarta zuwa kamar awa 19, ya kuma yi tsawo zuwa kamar awa 26, ya fara a kowane lokaci na dare ko yini. Ekadashi ita ce titi ta 11 a lokacin da wata ke ƙaruwa, da ta 11 a lokacin da yake raguwa. Ke nan 24 a shekara, ko 26 a shekarar da suka ƙara wata guda domin daidaita lissafi da rana. Idan kana bin kwanan watan da Fadar Sarkin Musulmi ke sanarwa, ka sa ido wajen 9 ko 10 ga wata, da kuma 24 ko 25. Wannan kirdado ne na shirya cefane kawai. Ainihin ranar tana cikin kalandarsu da ake kira panchang.

Ita ma kalandar tana ruɗa mutane. Ranar azumi ita ce wadda rana ta fito titin yana nan, kuma fitowar ranar garin da mutum yake ake nufi. Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi. Titin da ya ƙare ƙarfe 9:00 na safe agogon Indiya, a Sakkwato ya ƙare tun 4:30 na asuba, rana ba ta fito ba, domin a nan tana fitowa ne tsakanin kusan 6:15 da 7:05 gwargwadon yanayin shekara. Don haka kalandar bango da aka zo da ita daga Mumbai ko Delhi na iya saɓawa da kwana guda. Akwai kuma saɓani tsakaninsu. Waɗanda ake kira Smarta suna duba fitowar rana. Mabiya Bishnu na haƙiƙa, wato Baishnaba, suna duba minti 96 kafin fitowarta, in titi ta 10 ta taɓa wannan lokaci sai su ɗage azumin zuwa gobe. Ma'aikata biyu a wuri ɗaya na iya yin azumi a ranaku daban, kowa kuma yana kan daidai a mazhabarsa. Mafita ita ce a tambayi maigida ko uwargida tun farkon wata, a rubuta ranakun a manna a madafa.

Azumin yana farawa daga fitowar rana, ba ya ƙarewa sai rana ta sake fitowa washegari. Babu buɗa-baki da magariba, kada a kawo kunu da ƙosai da niyyar kyautatawa. Da yawa ma tun jajibiri suke rage ci, su ci sau ɗaya da rana su kwana da ciki sakayau. Tsananinsa kuma hawa-hawa ne: wani ko ruwa ba ya sha, wani ruwa kaɗai, wani 'ya'yan itace da madara, wani kuma ya ci abinci sau ɗaya wanda babu hatsi a ciki. Wannan na ƙarshe shi ya fi yawa a tsakanin masu zuwa aiki, kuma shi ne ke buƙatar mai girki.

Abin da aka hana a fili yake: shinkafa, alkama, masara, gero, dawa, sha'ir, wake da danginsa duka, nama, kifi, ƙwai, albasa, tafarnuwa, giya. A cikin nassosinsu akwai ruwayar cewa a wannan rana zunubi kan fake a cikin hatsi, shi ya sa ba a yi masa sassauci. Abin da aka yarda da shi kuwa kusan duk yana nan a kasuwanninmu: dankalin Turawa, dankalin Hausa, doya, rogo, gwaza, kabewa, gyaɗa, dabino, kwakwa, ayaba, gwanda, kankana, mangwaro, madara, kindirmo, man shanu. Kayan ƙanshi su ne citta, masoro, ɗanyen barkono, lemun tsami, da 'ya'yan jira, wato abin da Bature ke kira cumin, da suke zuwa da su. Jira daban take da habbatus sauda, kada a musanya. Akwai kuma waɗanda gida-gida ake saɓani a kansu, irin su tumatir, kuɓewa, yalo, alayyafo, riɗi da kurkum. Waɗannan sai an tambaya. Acca ma hatsi ce, kada a ɗauka ta kuɓuta don ƙwayarta ƙanana ce.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne hatsi ko albasar da ba a gani. Man shanu shi ne na farko. Mu nan idan za a soya man shanu sai an yanka albasa a ciki don ƙanshi, a garin da albasar Goronyo da Wurno ke cika kasuwa ba wanda ke tunanin yin sa ba ita. Wannan mai bai halatta gare su ba ranar azumi, bai kuma halatta a fitilar ibadarsu ba. A sayi ɗanyen man shanu, a wanke shi da ruwan sanyi, a narkar a wuta kaɗan-kaɗan ba tare da an sa komai ba har kumfa ta kwanta, ƙasan ya yi ja-ja, man ya yi garau, sannan a tace da kyalle mai tsabta a ajiye a kwalba ta daban. Na biyu nono. Nonon da ke hannun mai fura, ludayi ɗaya ke shiga ƙwaryar fura da ta nono, gero kuma ya riga ya shiga. A kafa kindirmo a gida: a tafasa madara lita ɗaya, a bari ta huce har yatsa ya iya jurewa, a zuba cokali biyu na tsohon kindirmo, a rufe. Da zafin bazara awa huɗu zuwa biyar ya isa, da hunturu sai ya kwana a naɗe da tawul.

Sai dunƙulen magi, wanda ke ɗauke da albasa da sitaci, wani har da ɗanɗanon kaza. Daddawa daga ƙwayar ɗorawa take, dangin wake ce. Man girki na galan sau da yawa na waken suya ne, a duba takardar jikinsa, man gyaɗa zalla ya fi aminci. Man da aka taɓa soya ƙosai ko fanke a ciki ya fita. Awara waken suya ce, ita ma ta fita. Garin kastad sitacin masara ne, hodar tashin fulawa ma yawanci akwai shi a ciki. Milo, Bournvita da Maltina duk da sha'ir ko dawa ake yin su. Kunun gyaɗa akwai shinkafa. Kunun aya kam ya halatta, tunda aya saiwa ce, in dabino da kwakwa kaɗai aka haɗa, amma muddin aka kai injin unguwa da ya gama markaɗen wake ko gero, an ɓata shi. A niƙa a gida. Gishiri ma da yawansu ba sa cin na leda ranar, suna da gishirin dutse mai ruwan hoda da suke kira senda namak. In ya ƙare a faɗa musu, kada a nemo kanwa a ce ai duk dutse ne.

Abincin da aka fi yi, musamman a gidajen mutanen jihar Maharashtra ta Indiya, shi ne sabudana kicidi. Sabudana ƙwayoyi ne farare da ake yi da sitacin rogo. A auna kofi ɗaya, a wanke sau uku ko huɗu har ruwan ya daina fari, sannan a zuba ruwa daidai fuskar ƙwayoyin, kada ya hau sama. A rufe awa biyar zuwa shida, ko ya kwana. Idan aka latsa ƙwaya tsakanin yatsu ta murƙushe ba tauri a tsakiya, ta jiƙu. A gauraya ta da rabin kofi na soyayyar gyaɗa da aka daka sama-sama, da gishiri, da ƙaramin cokali na sukari. A kasko a sa cokali biyu na man shanu, ƙaramin cokali na jira, ɗanyen barkono biyu, da dankalin Turawa biyu da aka yanka ƙanana, a soya su nuna. Sai a juye sabudanar, a rage wuta, a juya a hankali minti huɗu zuwa biyar har ƙwayoyin su koma garai-garai, a sauke a matsa lemun tsami. In ta cure ta zama dunƙule mai danƙo, ɗayan uku ne: ruwan jiƙo ya yi yawa, ba a wanke sitacin sosai ba, ko an cika wuta da juyi. Gyaɗar ita ke tsotse lema ta raba ƙwayoyin, kada a rage ta. In babu sabudana, dafaffen dankali da aka soya da jira da gyaɗa, tare da kindirmo, ya wadatar.

Abu ɗaya da ke wa masu girkinmu wuya: ba a ɗanɗana. A gidajen da ke miƙa abinci ga Bishnu kafin a ci, abin da baki ya taɓa bai cancanci miƙawa ba. Gishiri sai a auna da cokali. A kuma ware tukunya, ludayi da katakon yanka waɗanda nama ko albasa ba su taɓa hawa ba.

Ibadar kanta da sassafe take. Mai azumi zai yi wanka kafin rana ta fito, ya sa tufa mai tsabta, ya ɗaura niyya a gaban wurin bautar gidan. A wurin akwai hoto ko mutum-mutumin Bishnu ko Krishna, wanda suke ɗauka ɗaya daga cikin siffofin Bishnu ne, wasu kuma suna da baƙin dutse da ake kira shaligram, wanda ake samowa daga kogin Gandaki a Nepal. Zai kunna fitilar man shanu mai lagwanin auduga da turaren tsinke, ya shafa sandal, ya ajiye furanni, galibi rawaya, da 'ya'yan itace. Akan haɗa madara, kindirmo, man shanu, zuma da sukari, abu biyar, a yi wa mutum-mutumin wanka da su. Sai jan carbi mai ƙwaya 108, da karanta sunayen Bishnu dubu, da labarin da ya keɓanta da wannan Ekadashi, don kowace da sunanta da labarinta. Da yamma a sake kewaya fitila ana kaɗa ƙararrawa, masu himma su raya dare da waƙoƙin yabo. Ganyen tulsi ba ya rabuwa da wannan ibada. Shuka ce 'yar'uwar ɗoɗɗoya, za ka gan ta a tukunya a ƙofar gida, kuma suna girmama ta matuƙa. Wasu ba sa tsinkar ganyenta ranar Ekadashi, wasu washegari, don haka mai kula da lambu ya bar ta sai an ce ya taɓa. Mai shara ya cire takalmi kafin ya kusanci wurin, ya bar kayan yadda ya same su. In an miƙo maka abincin da aka yi bauta da shi, kana iya cewa na gode, addinina bai ba ni dama ba. Mafi yawansu sun saba zama da Musulmi tun daga gida, ba za su ji haushi ba.

A cikin ranakun shekara akwai manya. Ta watansu na Ashada, wajen Yuni zuwa Yuli, ita ce ranar da masu tattaki ke isa garin Pandharpur bayan tafiyar makonni a ƙafa, daga ita kuma ake dakatar da ɗaurin aure a yankuna da dama har wata huɗu, sai ta watan Kartika ta zo wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Mutanen kudancin Indiya sun fi ɗaukaka Baikunta Ekadashi ta Disamba zuwa Janairu, wadda ake cika wuraren bauta na Srirangam da Tirupati dominta. Wadda ta fi shafar mu ita ce Nirjala, ta Mayu zuwa Yuni, da ake yi ba ruwa yini da kwana. A ruwayarsu wani jarumi mai suna Bhima ne ya kasa jure yunwa sau biyu a wata, aka ce ya yi wannan guda ɗaya ta tsaya masa a madadin sauran. Tana faɗowa lokacin da zafin Sakkwato kan iya haura digiri 40, kuma babu sahur babu shan ruwa da dare kamar namu. Mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda, mai ciki, da mai aiki cikin rana bai kamata su gwada ta ba, addininsu ma ya ɗauke wa marar lafiya, yaro da tsoho. In ka ga abokin aiki yana jiri cikin zafi, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri yana kurɓa kaɗan-kaɗan. In magana ta sarƙe masa, ko gumi ya ɗauke masa, ko ya fita hayyacinsa, kada a ɗura masa komai, a wuce asibiti.

Buɗe azumin, wanda suke kira parana, yana da ƙa'ida kamar shigarsa. Sai rana ta fito washegari, sai kashi ɗaya cikin huɗu na farkon titi ta 12 ya wuce, kuma dole a ci kafin titin ya ƙare. Wuce lokacin laifi ne a wurinsu. Suna ba da labarin Sarki Ambarisha, wanda baƙonsa Durbasa ya tafi wanka ya daɗe, lokaci na neman ƙurewa, sai ya kurɓi ruwa don kada azumin ya ɓaci kuma kada ya riga baƙo cin abinci. Wani lokaci tazarar takan kai awa biyu da wani abu, wani lokaci mintoci ne kawai bayan fitowar rana. Wanda ya bar hatsi da hatsi yake buɗewa, yawanci shinkafa, kuma da dama sukan fitar da sadakar abinci kafin su ci. Don haka tun daren azumi mai girki ya tambayi ƙarfe nawa ne parana, ya ɗora shinkafa minti 40 kafin lokacin, a tukunyar da aka ware, ba albasa ba tafarnuwa, domin gidaje da yawa ba sa komawa gare su sai abincin rana ko na dare.