Fuskar da ba na kai wa maɗaba'a

Ni Kirista ne, haifaffen Sabon Gari, kuma da fensir da tawada nake cin abinci a Kano. Na fara da bangon littattafan soyayya a shekarun 1990, lokacin da marubuci zai zo da rubutunsa a leda ya ce a zana masa budurwa da gyale, saurayi jingine da mota. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma a nan hannuna ya faɗa da ninkin babbar riga da yadda hula ke zama a goshi. Daga baya kwamfuta da hotunan 'yan fim suka ƙwace kasuwar.

Sai na koma zanen barkwanci. Ɗan siyasa da ƙaton tumbi, layin mai, gari ba wuta: Bakano yana son wannan, ya ma fi ka iya ba'ar. Rawani da allo da carbi kuwa ban taɓa sa su cikin wasa ba, tun kafin zanen Annabi Muhammadu da wata jaridar Denmark ta buga a 2005 ya jawo asarar rayuka a Maiduguri a Fabrairun 2006.

Inda na fi daɗewa shi ne aikin makarantar Lahadi. Hotunan da muka gada daga Turawan mishan duk fararen fata ne masu dogon gashi, yaranmu na kallonsu kamar baƙi. Fastonmu ya ce in zana namu. Na kai aikin wata maɗaba'a a Fagge, mai wurin ya buɗe shafin farko, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wannan Annabi Isa ka zana?" Na ce Yesu ne, Alhaji. Ya ce, "Ka yi haƙuri, yarana ba za su ɗora fuskar annabi a inji ba. Kawo wani aikin."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma na san ba ni yake ƙi ba. A wurinsa Isa da Musa da Ibrahim ba a siffanta su. Da na so, akwai maɗaba'un Kiristoci a unguwarmu. Amma takarda tana yawo. Wadda yaro ya yar yau, gobe an ƙunshe ƙosai da ita.

Shi ya sa na karkata ga misalan da Yesu ya bayar, domin mutanen cikinsu ba annabawa ba ne. Mai shuka, na ba shi fartanya da malfa. Basamariyen nan mai tausayi na Linjilar Luka sura 10 ya ɗora majinyacin da ya tsinta a jaki, gefen hanya ga kuka da jar ƙasa. Ɓataccen ɗa na sura 15 shi ya fi ba ni aiki: na zana shi tsugune cikin aladu, riga ta yage a kafaɗa, haƙarƙari a waje, yana kallon abincinsu da yunwa. Alhaji ya daɗe a kan shafin, ya ce, "Kiwon alade? Lallai duniya ta juya wa yaron nan baya. Uban ya karɓe shi kuwa?" Na ce ya juya shafi.

Fuskar Almasihu har yanzu ina zana ta, amma da hannu, a kwali guda, wanda ke rataye cikin aji a coci. Sauran kuwa Alhaji ke buga mana, kuma har yau bai daina ƙorafin cewa baƙin da nake zubawa yana cinye masa tawada ba.