Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Giwaye Suka Ci Dawar Baba

Makon jiya mun tsaya a inda na gama sakandare a Alkaleri na dawo gida, kuɗin ci gaba babu, Baba ya miƙo mini fartanya ya ce ga makarantar da ta rage. Yau zan ba ku labarin kakar wannan shekarar. Har gobe in na ji ƙarar karyewar kara da dare sai gabana ya faɗi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Duguri, a gefen dajin Yankari. Daga gonarmu ta ƙarshe, in ka ƙwalla kira wanda ke bakin iyakar dajin zai amsa maka. Babu katanga, babu waya. Dajin da ya kai murabba'in kilomita 2,244, wa zai kewaye shi? Kakana maharbi ne, ya yi farauta a bakin kogin Gaji tun kafin a keɓe dajin a 1956. Da doka ta zo, ya rataye bindigarsa a zaure, amma sanin dawa ya riga ya zuba shi a kan Baba. Baƙi suna zuwa daga Legas da Kano, har daga Ingila, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, su hau mota a zagaya da su su ɗauki hoton gwanki da ɓauna. Mu kuwa da muke maƙwabtaka da dajin, yawancinmu ba mu taɓa shiga ta ƙofar Mainamaji ba. Namun dajin ne suke zuwa mana har gida.

Da rani ba mu da matsala da giwaye, suna can kwarin Gaji inda ruwa yake. Da damina ne, in ruwa ya samu a kowane tafki, suke bazuwa. In kaka ta gabato kuma, ƙamshin dawa da masara ya kai musu, sai su fara leƙo iyaka.

Shekarar nan dawar Baba ta yi kyan da ba mu taɓa gani ba. Kawunan sun sunkuya don nauyi. Inna har ta fara lissafin auren ƙanwata a kanta. Saura kwanaki kaɗan a yanke, muka tare a gona, ni da Baba, a wata rumfa da muka kafa bisa itace huɗu. Kayan gadinmu tsohuwar garwa ce da sanda, tocila mai batir, sai wutar da muke hurawa a ƙasa.

Wajen tsakar dare Baba ya taɓa ƙafata. Ni ɗan fari ne, ba ya kama sunana. Ya ce a hankali, “Kai, tashi. Sun zo.”

Na saurara, ban ji komai ba. Abin da mutane ba su sani ba ke nan, giwa duk girmanta ba ta da ƙarar tafiya. Wari ne ya fara iso mini, wari mai nauyi kamar na garken shanu bayan ruwan sama. Sannan na ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa, wanda ƙirjinka ke ji kafin kunnenka. Sai ƙas, ƙas, kara ya fara karyewa ta gabas.

Na ɗauki sanda na hau dukan garwa, ina ihu iyakar ƙarfina. Maƙwabtan gona suka amsa da nasu gwangwanayen. Baba ya haska tocila. Wallahi abin da hasken ya nuna mini, na ɗauka duwatsu ne suka taso. Wata babba a gaba ta ɗaga hannu sama tana shinshinar iska, ta buɗe kunnuwa kamar tabarmi biyu, ta dube mu, ta mayar da kai kan dawa. Takan naɗe kara biyar ko shida da hannu ɗaya, ta fizge, ta kai baki. Abin da ta taka ya fi wanda ta ci. Na yunƙura zan sauka da bakin wuta, Baba ya damƙe wuyan rigata. “Akwai 'ya'ya a cikinsu,” in ji shi. “In ka sauka, gawarka zan kai wa uwarka.”

Sai gab da asuba suka juya.

Da gari ya waye muka zagaya. Gonar da muke sa ran dami ya cika rumbu biyu ta zama fili, sai tulin kashinsu yana tururi, da ƙwayoyin dawarmu a ciki. Abin da muka tsince bai cika jaki ɗaya ba. Inna ta zo da kunu, ta tsaya a bakin gona, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta ce “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” ta juya. Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Mai gari ya sa aka rubuta sunayen duk waɗanda aka yi wa ɓarna, aka kai takarda wani ofishi a birni. Mun jira har muka daina jira. A nan zan faɗi abin da ke raina, ko da zai ɓata wa wasu: mai ganin giwa a talabijin ba shi da hurumin zagin manomin da ya tsane ta. Babbar giwa tana iya cin abin da ya kai kilo 150 a rana. Garke guda a dare ɗaya ya isa ya cinye abincin shekarar gida. Mun sayar da akuyoyin Inna shekarar nan, aka ɗage auren ƙanwata. Ni kaina da na sami iko a makon nan, da ban bar giwa ko ɗaya da rai ba.

Masu neman haure sun san wannan zafin, kuma da shi suke kasuwa. Tun 1989 aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, amma kasuwar bayan fage ba ta mutu ba. Kwana kaɗan bayan ɓarnar, wani baƙo ya yi sallama a zaurenmu bayan isha. Ni na shimfiɗa masa tabarma. Ya jajanta, ya yi ta zagaye, sannan ya fito fili: yana da mutane da bindigogi, mai nuna hanya kawai suke nema. Kuɗin da ya ambata ya fi dawar da muka rasa. Na ga idon Baba ya kai kan bindigar kakana da ke rataye. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Malam, sai na yi shawara.”

Washegari bayan sallar asuba ya ce in biyo shi. Muka koma gonar, muka bi sawun. A nan na ga ilimin da ban samu a aji ba. Ya tsuguna a kan wani sawu mai faɗin faifai, ya nuna mini yadda tsagun tafin suka shafe ta baya, ya ce wannan tsohuwa ce, ita ce uwar garke, ita ke yanke inda za a ci da inda za a sha. Kusa da shi ga wani ɗan ƙarami wanda tafin hannuna ya kusa rufe shi, yana shiga yana fita tsakanin sawun uwar. Ya ce wannan bai shekara ba. Wata 22 giwa take ɗauke da ciki, in ji shi, kuma sai ta yi shekaru kafin ta sake haihuwa. In aka harbe tsohuwar, sauran za su watse, su zama mafaɗata, su riƙa faɗa wa gonaki ba tsari.

Sawun ya ratsa gonarmu ya miƙe ɗoɗar zuwa wani kwari mai giginya. Baba ya tsaya ya jingina da wata kuka da giwaye suka ɓare wa jiki. Ya ce, “Tun ina yaro mahaifina ya nuna mini wannan hanyar. Tasu ce, ta nan suke bi su ci 'ya'yan giginya. Da na sare wurin nan na yi gona, na sani. Bakuna ne suka yi yawa a gida, ƙasa ta yi kaɗan.” Ban taɓa jin Baba ya ɗora wa kansa laifi ba sai ranar. Na ce, “To Baba, mu bar gonar ke nan?” Ya ce, “Mu bari mu ci me?”

Da baƙon ya dawo, Baba bai bar shi ya zauna ba. Ya ce masa ƙafarsa ta tsufa da shiga daji.

Daga baya na san yadda abin ya kai. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006, shekarar da gwamnatin tarayya ta mayar wa jihar Bauchi dajin, ta sami giwaye kusan 350. Cikin 'yan shekaru aka koma maganar 100 zuwa 150. Kuma wannan ragowar tana cikin manyan garken da suka rage a Nijeriya gaba ɗaya. A 2014 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don tsaron dajin. Aka ƙarfafa sintiri, aka fara ɗaura wa wasu giwaye wata na'ura a wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam.

Mu a ƙauye ba mu san da wannan ba, sai ranar da mota ta tsaya a ƙofar mai gari aka buga shela. Malaman daji ne suka zo. Maza da yawa suka ƙi fitowa, don mun saba in ka ga kakinsu to kame ne ko tara. Amma wannan karon tabarma suka zauna. Babbansu ya ce suna neman mutanen gari da za su zama masu lura da giwaye: a ba mutum waya, in garke ya doshi gonaki a sanar da shi ya sanar da jama'a tun da rana, in kuma ya ga sawu ko baƙuwar fuska ya kira su. Wani dattijo ya miƙe ya ce, “A fara biyan mu dawarmu tukuna.” Wuri ya kaure da hayaniya.

Da aka lafa, mai gari ya ce duk ƙasar nan babu wanda ya san sawu kamar Baba. Kowa ya juya yana dubansa. Baba ya gyara zama ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ban iya waya ba, ban iya boko ba. Amma ga yaron nan.” Ya nuna ni da haɓa.

Ni da har ranar ban huce da giwaye ba. Abin da na amsa a gaban mai gari, da yadda Inna ta karɓi maganar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.