Shekara shida Hajiya tana faɗa mini, ban saurara ba

Daren da Hajiya ta ɗauki sautin barcina a waya, da kaina na ƙirga washegari: daƙiƙa 41 babu numfashi, tsit, sannan wani gurnani mai ban tsoro ya biyo baya. Ta ce, "Alhaji, shekara shida ke nan nake tashi ina taɓa ƙirjinka in ji ko da sauran rai." Kuma gaskiyarta, ta sha faɗa. Ni kuwa amsata ɗaya ce, wai minshari gadon gidanmu ne, marigayi mahaifina ma daga zaure ake jin nasa a unguwar Asawase ta Kumasi.

Mantuwa ce ta kai ni asibiti. A shagona na atamfa a kasuwar Kejetia na ba wata mata canji sau biyu, na nemi wani yaro ya biya bashin da ya riga ya biya a hannuna. Ga gyangyaɗi ana tsakiyar huɗubar Juma'a, ga ciwon kai kullum da asuba, ga hawan jini da ƙwaya iri biyu suka kasa saukarwa.

An kwantar da ni dare guda da wayoyi a kai da ƙirji da yatsa. Sakamakon ya nuna numfashina na tsayawa ko ya ragu sau 38 a kowace awa, alhali daga 30 ake cewa abin ya yi tsanani: cutar tsayawar numfashi cikin barci ce, wato sleep apnea. Iskar oksijin a jinina ta faɗi har 78 cikin ɗari.

Bayanin likita a kan ƙwaƙwalwa ne ya hana ni sukuni. Ya ce duk lokacin da maƙogwaro ya rufe, ƙwaƙwalwa na rasa iska, sai ta farkar da mutum ya ja numfashi, shi bai ma sani ba. Ƙwayoyin jijiyarta idan suka sha wuya sukan zubar da wasu furotin da ake iya aunawa a jini, irin su tau da NfL, kuma akwai binciken da ya samu tau ya fi yawa a jinin masu wannan cuta. Ya ƙara da cewa a 2013 masana a Jami'ar Rochester ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa cikin barci ƙwaƙwalwa ke wanke dattinta, har da amiloyid da ake dangantawa da cutar mantuwa ta Alzheimer. Ina zaune ina lissafi a zuci: dare nawa ne a shekara shida?

Nan take na ce a ɗebi jinina a auna, ko nawa ne zan biya. Ya ce, "Alhaji, ajiye kuɗinka. Awon nan har yanzu na masu bincike ne a wannan cuta, ko ya hau ko bai hau ba magani ɗaya zan ba ka, kuma hawansa ba ya nufin ka kamu da cutar mantuwa." Raina ya ɓaci a ranar, daga baya na gode masa.

Kuɗin sai suka tafi ga na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni ta Ostireliya a 1980. Tana hura iska ta takunkumi don kada maƙogwaro ya rufe. Makon farko da wuya, hanci ya bushe, cikin barci nakan cire. Duk mai saye a nan Ghana ya haɗa da batir tun farko, domin daren da aka yi mana dumsor, wato aka ɗauke wuta, na kwana kamar da, na tashi da ciwon kan nan.

Yau wata takwas. Lissafi ya dawo, ina jin huɗuba har ƙarshe. Amma sunayen tsofaffin abokan ciniki har yanzu sukan kufce mini, kuma duk sanda hakan ta faru, shekara shidan nan nake tunawa. Ƙanena da ke Aboabo irin minsharina yake yi. Jiya na kira matarsa, na ce ta ajiye waya kusa da matashinsa ta turo mini abin da ta ɗauka.