Kwanan Legas: a Ikeja ko a Tsibiri?

Sana'ata kayan waya. Shagona yana Farm Centre a Kano, kuma galibin abin da ke cikinsa, daga sikirin zuwa batir da caja, ta Computer Village da ke Ikeja yake biyowa. Shi ya sa Legas ta zame mini gida na biyu. A da wajen mutanenmu nake sauka a Agege, har gobe kuma ina leƙa su mu gaisa, mu ci tuwo. Amma da harka ta yi nauyi, na fara yawo da kaya masu tsada a jaka, ga lissafin dare da masu turo kaya daga ƙasar Sin, sai na ga ina bukatar ɗakin da zan kulle ni kaɗai, da wutar da ba za ta ɗauke ba. Daga nan na koma otal, a hankali kuma na karkata ga irin waɗanda ke da rassa a ƙasashe, su Sheraton, Marriott, Radisson, Protea da ibis.

Ba don neman girma nake sauka can ba. Abin da nake biya shi ne in san abin da zan tarar tun kafin in iso, kuma a Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan NEPA ta ɗauke, janareta ya kama kafin ka lalubo tocilar wayarka. Famfo na zuba. Ƙofa da kati ake buɗe ta, kuma a cikin kabad akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambar sirri, inda nake zuba fasfo da wayoyin da na ɗauko a matsayin samfur. In za ka tafi a ba ka rasit na gaske mai sunan kamfani, wanda za ka iya nuna wa abokin kasuwanci ba tare da dogon bayani ba. Akwai ƙananan otal na 'yan ƙasa masu tsafta da mutunci, wasu ma sun fi manyan iya karɓar baƙo, ga sauƙin kuɗi. Sai dai waɗannan ɗaya bayan ɗaya ake saninsu, ta hanyar kwana a ciki ko ta bakin wanda ka yarda da shi. Wanda ya sauka daga jirgi ƙarfe tara na dare da jaka biyu ba shi da lokacin wannan bincike.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sunan da ke jikin bango ba lalle ne na mai ginin ba. Sheraton ta Ikeja, wadda ke kan titin Mobolaji Bank Anthony tun 1985, mallakar kamfanin Ikeja Hotel ce. Marriott ta GRA Ikeja da aka buɗe a 2021 ta rukunin SIFAX ce. Hilton ta Abuja ta Transcorp ce. Kamfanin waje yana ba da suna da ƙa'idojin aiki, wani lokaci ya turo manajoji, a biya shi kasonsa. Idan yarjejeniya ta ƙare sai a sauke allo a ɗora wani. InterContinental ta Victoria Island ta koma Lagos Continental a 2018, Sheraton ta Abuja ita ma yanzu Abuja Continental ake ce mata. Saboda haka rassa biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, gwargwadon yadda mai ginin ke sakin kuɗin gyara. Ni ba na tsayawa kan suna. Sai na duba abin da waɗanda suka kwana a wannan reshen a watannin baya-bayan nan suka rubuta, musamman kan esi da ruwan zafi da hayaniyar dare.

Duk da haka, babbar magana a Legas ba sunan otal ba ce, gada ce.

Garin ya rabu biyu. Filin jirgin Murtala Muhammed da Ikeja da Agege da Oshodi suna kan tudu. Victoria Island da Ikoyi da Legas Island suna tsallaken ruwa, kuma babbar hanyar da ta haɗa su ita ce gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990. Daga filin jirgi zuwa Victoria Island kilomita 25 zuwa 30 ne kacal. Da asuba, kafin gari ya motsa, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Amma gosulon Legas yana da tsari kamar ruwan kogi: da safe ya gangara daga tudu zuwa tsibiri, da yamma ya juyo. Duk wanda ya bi sahunsa a waɗannan lokuta, wannan 'yar tafiya tana iya cin awa biyu ko uku, in kuma aka yi ruwan sama ko wata tirela ta mutu a hanya, sai abin da Allah ya yi. Ba kuma batun ka tsallake ka hau acaɓa, domin tun watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana su aiki a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da Eti-Osa, inda Victoria Island take.

Don haka tambayar farko ita ce: gobe da safe a wane ɓangaren gada ake bukatarka? Mai ganawar biza a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Walter Carrington, wanda aka ba shi ƙarfe bakwai ko takwas na safe, ya sauka daga jirgi ya wuce tsibiri tun daren, ya kwana a can. Akwai Radisson Blu Anchorage a kan Ozumba Mbadiwe, akwai Four Points a Oniru, akwai wasu da ba su kai su tsada ba. Haka mai sarin kaya a Balogun ko Idumota. Amma mai jirgin safe, ko mai harka a Computer Village irina, ko mai zuwa sakatariyar jiha a Alausa, ba shi da abin da zai kai shi tsallaken ruwa. Na ga mutane sun kama ɗaki a tsibiri don a ce sun kwana gaban teku, washegari jirgin Kano ya tashi suna tsaye a kan gada suna kallon agogo. Abin na ba ni takaici, domin kuɗin tikiti yanzu ba wasa ba ne. Mai zuwa Alaba International a Ojo kuwa, ko Ikeja ko tsibiri duk nesa ne gare shi, gara ya nemi wuri ta wajen Festac.

Ko a Ikejar ma akwai abin dubawa. Filin jirgin ba ƙofa ɗaya ce da shi ba. Jiragen cikin gida suna tashi daga tashar MMA2, wadda aka buɗe a 2007, ko daga tashar GAT da ke kusa da ita, kuma dukansu ta ɓangaren Ikeja ake shigarsu. Tashar jiragen ƙasashen waje tana can wani gefe, ta babban titin da ya taso daga Oshodi ya ratsa gefen Ajao Estate, wanda aka faɗaɗa aka buɗe a 2019. Ba a taka ƙafa daga wannan zuwa waccan da kaya, sai da mota. Wanda zai koma Kano ko Abuja, Sheraton da otal-otal ɗin GRA, irin Marriott a titin Joel Ogunnaike da Radisson Blu a Isaac John, sun fi masa kusa. Wanda zai fita waje zai iya duba na wajen Ajao Estate, ko Legend, wadda ke ƙarƙashin Hilton, a gefen filin jirgin kansa. Kalmar filin jirgi a cikin sunan otal ba ta gaya maka wace tasha yake kusa da ita ba. Buɗe taswira a waya ka auna da kanka.

Bara na raka kawuna, yayan mahaifiyata, zai je Ingila wajen 'yarsa. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, bai taɓa kwana a irin waɗannan wurare ba. Jirginsa na dare ne, kamar yawancin jiragen Turai, mu kuma mun iso Legas da yamma tun ana gobe zai tashi, don gudun jinkirin jirgin Kano. A nan wata matsala take: ƙa'idar otal ƙarfe sha biyun rana ake barin ɗaki, to ina dattijo zai zauna daga azahar har bayan magariba? Tun daga Kano na kira resafshin na yi wannan magana. Suka ce za su bar mu zuwa ƙarfe biyu kyauta, in kuma har shida muke so sai mu ƙara rabin kuɗin kwana. Na amince, na kuma roƙi ɗaki kusa da lif.

Da muka shiga, Kawu ya zauna bakin gado ya danna katifar da tafin hannu, ya kalli labule, ya kalli talabijin, sannan ya dogara sandarsa ya leƙa banɗaki. Ya daɗe a ciki.

Na ce, "Kawu, ɗakin ya yi?"

Ya ce, "Ya yi, ɗan nan, Allah ya yi albarka. Amma ina butar?"

Babu buta, babu kuma ɗan tiyon nan na tsarki, sai takarda a naɗe. Na zuge jakata na fito da 'yar butar roba da nake yawo da ita, sai na ga fuskarsa ta saki. Na buɗe manhajar alƙibla, na shimfiɗa masa darduma tsakanin gado da taga, gabas da ta ɗan karkata arewa. Ya ce in buɗe ƙaramin firjin ya sha ruwa, muka tarar da kwalaben giya a jere. Na kira aka zo aka kwashe nan take, ba wanda ya ɓata rai. Da safe a wajen karin kumallo na riga shi zagaya tukwanen, na tambayi mai dafa abinci wanne ne da naman alade, ya nuna mini guda biyu a gefe, kowanne da cokalinsa. Kawu ya ci doya da ƙwai, ya sha shayi kofi biyu.

Waɗannan abubuwa ba a rubuta su a shafin kama ɗaki, amma su ne kwanciyar hankalinmu. Otal-otal ɗin nan an tsara su ne don kowa, ba don Bahaushe musamman ba, sai ka buɗe baki ka faɗi bukatarka. Mafi yawan lokuta suna yi. Ina kuma roƙon ɗakin da bai kalli wurin wanka ko mashaya ba, musamman daren Juma'a da Asabar, lokacin da kiɗa ke kaiwa tsakar dare. Masallacin Juma'a kuwa, tambayi masu gadi ko 'yan canjin da ke titin Allen, a cikinsu ba za ka rasa ɗan gida da zai kwatanta maka ba.

Motar kai baƙi filin jirgi ma tana bukatar tambaya. Wani otal da na taɓa sauka ya rubuta cewa kyauta ce, da na bincika da daddare sai aka ce direba ba ya fara aiki sai shida, alhali a lokacin ya kamata in kasance a layin awon kaya. Tun daren na shirya tasi. A tambayi lokacin da motar ke farawa, da tashar da take zuwa, da ko sai an rubuta suna.

Sai batun kuɗi. Farashin da ka fara gani sau da yawa ba shi ne za ka biya ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari, akwai kashi 5 na jihar Legas a kan otal da gidajen abinci, da yawa kuma suna ɗora kashi 10 na hidima. Ɗakin naira 100,000 zai iya komawa 122,500 kafin ka sha ko ruwa. Tambayi jimilla, ka tambaya ko da karin kumallo a ciki, domin in daban za ka saya yana da tsada sosai. Za kuma su riƙe wani abu a katinka a matsayin ajiya, wanda ba ya dawowa nan take, saboda haka kada ka miƙa katin da kuɗin sarinka ke ciki ƙyas-ƙyas. Rajistar zama mamba kyauta ce kuma tana ɗan rage farashi. Tun da Marriott ta sayi Protea a 2014, ta kuma sayi kamfanin da ke da Sheraton a 2016, lamba ɗaya ce ke tara maka maki a Marriott da Sheraton da Protea da Four Points. Ga mai yawan zirga-zirga, makin na iya zama kwana guda kyauta, amma ni ba zan tsallaka gada saboda maki ba.

Akwai farashi mai rahusa wanda in ka biya ba a mayarwa, akwai mai ɗan tsada wanda za ka iya sokewa zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Da damina ina iya ɗaukar na farkon idan tafiyar ta tabbata. Amma daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da hazo ke rufe Kano har jirgi ya kasa sauka a filin Malam Aminu, ba na taɓa shi, domin mai yiwuwa ne a ɗaga tashinka ko a soke shi gaba ɗaya. A wannan lokacin, ranar da zan bar Legas, kafin in miƙa katin ƙofa ina tambayar resafshin ko akwai ɗaki a daren idan na dawo, in karɓi lambar da zan kira daga filin jirgi.