Wasiƙa daga Manchester kan Idin Ƙetarewa

'Yan'uwana a gida, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya iyali, ya kuma zafin bazara?

Unguwar da nake zaune a arewacin Manchester Yahudawa sun yi yawa, kuma makon nan suke Idin Ƙetarewa. Tun saura kwanaki ake ta shara da goge-goge, har aljihun riguna sai an zazzage, don kada ɓarɓashin burodi mai yisti ya kwana a gida. Ɗan abin da aka tsinto, a ƙone shi da safe.

Fitowa 12:14 ta ce ranar nan ta zama abin tunawa, a kiyaye ta daga tsara zuwa tsara. Amma ku duba inda Allah ya ajiye tunawar: a cikin gida, a bakin akushi. Gasasshen ɗan rago, gurasa marar yisti domin an fita a gurguje kullu bai tashi ba, sai ganye mai ɗaci. Zaman shekara 430 da Isra'ilawa suka yi a Masar, ga shi mutum yana ɗanɗana shi a harshensa. Yau ba sa yanka ragon, tunda an rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Yesu, ƙashi kawai ake ɗorawa a faranti. Ɗacin kuwa yana nan. Da maƙwabcina ya miƙo mini saiwar da suke ci, sai da ta sa ni hawaye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aya ta 26, inda aka ce 'ya'ya za su tambayi ma'anar abin. Autan gida ne ke miƙewa ya tambaya me ya bambanta daren nan da sauran darare, uban kuma ya amsa kamar shi da kansa aka fitar daga bauta, yadda Fitowa 13:8 ta umarta.

A irin wannan cin abinci ne Yesu ya gutsura gurasa ya ce a riƙa yi domin tunawa da shi. Mu kuwa mun bar wa fasto da malaman makarantar Lahadi aikin bayani, mun kama ɗinki da dafa shinkafa. Ɗinkin ba laifi ba ne, amma abin yana damuna ƙwarai. Don Allah, daren Alhamis kafin Ista ta bana, ku tara yara, ku buɗe Fitowa 12 da Luka 22, ku bar ƙaraminsu ya fara tambaya.

Ku gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Ingila