Murafan kwalbar Auta

Talata. Sanyin safiyar nan sai da ya sa na ɗora rigar sanyi biyu. Keke daga Farin Gada zuwa Naraguta, na shiga lakca a makare.

Yau darasin galahanga muka yi, lalurar da Turawa ke kira autism. Malam ya fara da Leo Kanner, likitan da ya rubuta bayanin yara 11 a Amurka a 1943: ba sa son haɗa ido, suna maimaita maganar da suka ji, hankalinsu na tashi in an sauya musu tsari. Ina rubutu hannuna ya tsaya. Auta nake gani, da murafan kwalbar da yake jerawa a bakin ƙofa, da yadda yake toshe kunne in an tada injin markaɗe. Malam ya ja mana kunne cewa lakca ɗaya ba ta mai da ɗan aji ɗaya likita, kada mu koma gida muna laƙaba wa 'yan'uwa cuta. Na yarda da shi. Amma zuciya ba ta jin wannan.

Ya kuma kawo Judy Singer ta Ostareliya, wadda a ƙarshen shekarun 1990 ta yaɗa ra'ayin cewa ƙwaƙwalen mutane iri-iri ne kamar yadda fuskoki suke, ba kowane bambanci ne lalacewa ba.

Da daddare ina taya Umma tsince shinkafa na ba ta labari, a hankali, ina auna kowace kalma. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, "To su a littafin naku, laifin wa suka ce?"

Shekara tara dangin Baba na cewa ita ta jawo, wai tana fita da almuru lokacin da take da cikinsa. Na ce, "Umma, Turawan ma sun yi shekaru suna cewa iyaye mata ne ba sa nuna wa yaran ƙauna. Bincike ya ƙaryata su. Yawanci abin gado ne, tun a ciki ƙwaƙwalwa ke ginuwa haka."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce tsakuwar shinkafar nan ta yi yawa.

Ban ci abincin kirki ba. Gwaji ranar Alhamis, ko shafi ɗaya ban buɗe ba.

Ina kwance na ji ta leƙo: "In kin je gobe, ki tambayi malamin naku wane likita ake gani."